Yadda Za Ka Ajiye Mahaifinka a Layi Ba Tare da Ka Ce Masa A'a Ba

Ɗana ya ajiye ni a layi wata bakwai, ko sau ɗaya kuwa bai ce mini a'a ba.

Abin da na nema ba shi da yawa. Ya sauko da ni daga hawa na uku, ya sa ni a mota, ya kai ni in ga Yayana da ke kwance a ɗaya gefen gari. Tafiyar minti arba'in ce in babu cunkoso. Na san hanya. Shekara talatin da takwas na yi ina jan babbar mota, ita ce ta cinye mini gwiwoyi. A gidan ɗana matakala arba'in da biyu ce tsakanina da titi, ba na iya saukarta sai da kafaɗar wani. Yaya kuma kunnensa ya tafi, waya ba ta da amfani a wurinsa. Sai dai ido da ido.

Aji uku na yi a makaranta. Amma wata bakwai na zauna a kujera ina kallon gwani yana aikinsa, na kuma gano yadda ake yi. Ga shi na rubuta maka, kai mai tsoho a ɗaki da waya a hannu. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ka tabbaci tsohonka zai jira har gemunsa ya ƙara fari, ba wanda zai ga laifinka, maƙwabta ma za su riƙa nuna ka suna cewa ga ɗan albarka.

1. Ka koya daga na'ura

Ɗana Injiniya ake ce masa. Kwamfutocin wani kamfani yake kula da su. Shi ya koya mini sirrin da bakinsa, muna cin abinci, bai san abin da yake yi ba.

Ya ce kwamfuta ba ta yin abu ɗari a lokaci guda yadda muke zato. Layi ayyukan suke bi. A cikinta akwai wani abu mai rabon lokaci, shi ke ba kowane aiki ƙiftawar ido ɗaya, ya janye shi, ya turo na gaba, da saurin da mutum ba ya gani. Na ce kamar ƙaramar gada mai ɗaukar mota ɗaya, da mai tuta a bakinta. Ya ce daidai ke nan, Baba, da ka yi karatu da ba a san inda za ka kai ba. Na ce da na yi karatu da wa zai riƙa kai ka naka.

Ya ci gaba. Ya ce ba duka ayyuka ke da daraja ɗaya ba. Akwai na gaba, waɗanda mai na'ura ya zuba wa ido yana jira. Akwai na baya, masu ƙaramar daraja. Su ba a kashe su, ba a korarsu. Ana dai ɗaga musu tuta ne in babu kowa a kan gada.

Na tambaye shi, in kullum akwai wani a kan gadar fa?

"Sai su jira, Baba. Ai ba sa ƙorafi."

Surukata, matarsa, ta dube ni, ta mayar da idonta kan kwanonta. Ita ta gane. Shi ya ƙara abinci.

Wannan shi ne tushe. Tsohonka aikin baya ne. Ka riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne.

2. Kada ka taɓa cewa a'a

A zamaninmu in mutum ba zai yi abu ba, cewa yake ba zai yi ba. Ka ji haushi, ka tashi, ka nemi wata hanya. Wannan rashin wayewa ne. A'a sallamar mutum take yi. Kai kuma ba sallamarsa kake so ka yi ba, ajiye shi kake so ka yi.

Maganganu uku sun ishe ka. "To, Baba." "Yana raina." "Da zarar na samu sarari." Ka riƙa juya su yadda ake juya tayoyin mota, kada ɗaya ta riga sauran suɗewa.

In ya nemi rana, ka ba shi suna, kada ka ba shi lamba. Ka ce Asabar. Kowane mako yana da tasa, ba za su ƙare ba.

In ya matsa, ka sunkuyar da kai ka ƙara ladabi. Ladabi shi ne birkinka. Tsohon da ake yi wa magana ƙasa ƙasa ba ya samun inda zai kama ya yi faɗa.

3. Ka ɗan taɓa shi kowace safiya

Injiniya ya ce na'ura mai kyau ba ta mantawa da aikin baya gaba ɗaya. Takan leƙa shi, ta ba shi ƙiftawa ɗaya, don kada a ce ya mutu.

Kai ma haka. Kowace safiya ka tsaya a bakin ƙofarsa, kada ka shiga. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ka tambaye shi kwana, ka tambayi gwiwa. Kafin ya gama ba da amsar gwiwa ka riga ka kai matakala. Na auna ɗana da agogona, daƙiƙa arba'in. Ranar da ya yi hamsin, igiyar takalmi ce ta tsinke.

Amfanin wannan babba ne. In wani ya ce maka ya tsoho, ka ce yau ma mun yi hira. Ba ƙarya ka yi ba.

A wata na biyu 'yar Yaya, Malama, ta fara kira. Ita ke jinyarsa. Ta ce cin abincinsa ya ragu. Ta ce duk lokacin da babbar mota ta tsaya a titinsu sai ya sa ta leƙa ta ga ko ni ne. Yaya bakanike ne. Shi ya raine ni, shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari. Na ce mata ina nan zuwa, da zarar an samu sarari. Sai da na ajiye wayar na ji abin da bakina ya faɗa. Abin yana kama mutum kamar mura.

4. Ka zuba shi a buhu ɗaya da sauran

Nan gwanintar take. Ka natsu.

Na'ura, in ji shi, tana iya haɗa ayyuka rukuni rukuni. In an yi haka, mai rabon lokaci rukunin yake kallo tukuna. Ya ba rukuni kaso ɗaya, na ciki su raba a tsakaninsu. In su biyu ne kowa ya samu rabi. In su ashirin ne kowa ya lasa.

Ɗana yana da rukuni uku. Ofis, nasa ne Litinin zuwa Juma'a, da duk abin da ya ga dama ya ɗiba daga Lahadi. Abokai, nasu ne safiyar Asabar, wai motsa jiki. Sai Ayyukan Gida, awa biyu, Asabar da yamma. Takardarsu tana manne a ƙofar firji. Na sa tabarau na karanta da kaina: famfon banɗaki, ƙwan fitilar baranda, fanka wurin mai gyara, sandar labulen falo, Baba.

Na biyar nake, ƙarƙashin labule.

Kada ka cire shi daga takardar. Ka dai riƙa ƙara masa abokan zama. Aka ƙara ƙofar kabad. Aka ƙara maganin kyankyasai, da hoton bango da ya karkace. Ka lura, ba a rage mini daraja ba. Ba wanda ya ce Baba ya koma baya. In ka tambayi Injiniya zai rantse maka ina nan inda nake, kuma gaskiyarsa. Buhun ne ya cika.

A cikin buhu ma akwai mai gata. Famfo ya samu Asabar uku shi kaɗai, domin yana ɗiga, ɗigar tana hana mutane sakewa. Na yi tunanin in fara ɗiga ni ma. Girma ya hana ni.

5. Ka bar waya ta yanke hukunci

Wata rana layi zai zo kansa, ba makawa. Kada ka firgita.

Ni tawa ranar ta zo a wata na huɗu. An gyara famfo, ƙwan fitila ya ƙare a shago, mai gyaran fanka ya yi tafiya, sandar labule ba a samu mai tsawonta ba. Injiniya ya dubi takarda, ya dube ni, ya ga ba mafita. Na sa rigata mai kyau, na sa hula, na ɗauki sanda. Na dafa kafaɗarsa. Muka sauka ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai waya. Manaja ne, wata na'ura ta tsaya a ofis.

Ya juya ni a hankali kamar mai juya kabad a lungu, ya mai da ni kujera, ya ce minti talatin. Ina nan da hulata har aka kawo abincin yamma.

Ƙa'idar ke nan. In babban aiki ya iso, ƙarami ya sauka daga gada ko da yana tsakiya. Ba kai ka ture shi ba, waya ce. Ka nuna masa fuskar wayar ma, ya ga sunan manaja da idonsa. Shi da kansa zai ce maka je ka, aiki ya fi. Tsofaffi suna girmama aiki, ka ci moriyar wannan.

Daga baya na tambaye shi yadda aikin da aka katse yake ƙarewa a na'ura. Ya ce na'ura tana rubuta inda ya tsaya, in an dawo kansa a ci gaba daga nan. To a nan ka fi na'ura. Ni ba a ci gaba da ni daga matakala ta huɗu ba. Asabar ta gaba an samu ƙwan fitila.

6. Kada ka bar wani ya ɗauke maka shi

Akwai haɗari a nan. A ƙasan benenmu akwai mai gyaran firji, ƙato, yana da mota mai buɗaɗɗen baya. Firji yake saukowa da shi daga hawa na huɗu a gadon bayansa. Surukata ta yi masa magana a ɓoye. Ya hawo ya same ni, ya ce Baba ai ba ku kai rabin firji ba, gobe da safe sai mu tafi.

Injiniya ya dawo ya ji. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce yana raye, da motarsa a ƙofa, wani zai goya mahaifinsa a gaban mutanen bene? Me za a ce da shi? Ya sauka da kansa ya yi wa mutumin godiya irin wadda ba a son a sake ji. Arba'in da biyu sauka, arba'in da biyu hawa, da maganar minti ashirin a tsakani. Na auna. Da ni ya ɗauka da mun ci rabin hanya.

Ni ma da laifina, ba zan ɓoye ba. Da ya ce me za a ce da shi, sai na ji daɗi a raina, na ce ɗana yana kishina. Ka riƙe wannan ma. Tsoho mai girman kai ya fi sauƙin ajiyewa.

Malama ta sake kira a wata na shida. Ta ce Yaya ya fara kiranta da sunan mahaifiyarmu.

"Baffa, in za ku zo, ku zo tun yana gane mutane."

Na gaya wa Injiniya. Ya ce yana ransa.

7. Ka san abin da ke rataye a wuyansa

Nan ɗana ya faɗi. Kai kada ka faɗi.

A hirar nan ta cin abinci na yi masa tambaya ta ƙarshe. Na ce babu ranar da ƙaramin aiki ke shiga gaba? Ya yi dariya ya ce akwai. Wani lokaci ƙaramin aiki yana riƙe da makullin wani abu, babban aiki kuma yana bukatar abin. Babba ba zai motsa ba sai ƙarami ya gama ya saki. To dole mai rabon lokaci ya ara wa ƙaramin darajar babban, a buɗe masa hanya ya gama da wuri. Na ce kamar tsohuwar mota ta riga ta hau gada, motar asibiti na bayanta tana kuka. Ya ce haka. Na ce in ya saki makullin fa? Ya ce sai ya koma darajarsa ta da.

Na ajiye wannan a raina. Ban san ranarsa za ta zo ba.

Wata Laraba a wata na bakwai ya dawo da wuri. Ya shigo ɗakina, har ciki. Takalmi babu ko ɗaya, a ƙafa ko a hannu. Shi ya kawo shayi da kansa. Ya zauna a bakin gado, ya kifa waya. Ya tambayi gwiwa, ya jira amsa har ƙarshe, ta hagu da ta dama.

Na ce me kake so.

Ƙarin girma za a yi masa. Ana son takardun karatunsa na asali, ba hotonsu ba, kafin sha biyun ranar Alhamis. Takardun suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Tun daga ta firamare ni ke ajiye su, domin ni ban samu ko ɗaya ba. Makullin yana wuyana a zare, ko wanka ba na cire shi.

Na ce akwati zai buɗu in na ga Yaya. Ya ce Baba, wallahi Asabar ɗin nan kai ne na farko, zai goge labule daga takardar firji da hannunsa. Na kurɓi shayi.

"To," na ce. "Yana raina. Da zarar na samu sarari."

Na ji shi a falo yana tambayar ina guduma. Surukata ta ce ba ta san inda take ba, amma za ta rubuta a takardar firji.

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis muka sauka. Arba'in da biyu, ba tsayawa. Waya ta yi kuka sau uku a aljihunsa, bai ko taɓa ta ba. Ashe ana iyawa. A hanya ya bi inda na'urar motarsa ta nuna, muka doshi cunkoso. Na ce ya karya dama, ta bayan inda ake sayar da katako. Minti talatin da biyar.

8. In ta zama dole, ka ƙayyade masa lokaci

Tun a mota ya ce minti goma sha biyar, Baba, domin a koma gida, a buɗe akwati, a kai ofis. Na ce na ji.

Ɗakin Yaya a ƙasa yake, tagarsa na kallon titi. Gado, kujera ɗaya, da rediyon da ba ya ji amma bai yarda a kashe ba. Mutumin da ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai ya koma kamar riga a kan ƙusa. Hannayen ne kawai nasa, manya, da tabonsu.

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa:

"Direba. A ina ta lalace maka?"

Haka yake tambayata duk ranar da na yi latti, shekara talatin da takwas. Na kai bakina kunnensa na ce a hawa na uku. Ya ce ai ya sha gaya mini in daina ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Ya kama wuyan hannuna. Bai sake ba.

Ba mu yi wata hira ba. Ya lumshe ido, ya buɗe, ya ga ina nan, ya sake lumshewa.

Gargaɗi

Matakan nan suna aiki, ni shaida ne. Amma abin da ya biyo baya naka ne kai kaɗai. In tsohonka ya jira har wanda yake son gani ya daina gane shi, ko ya riga shi tafiya, kada ka zo wurina. In naka 'ya'yan suna gefe suna koya, wata rana suka manna ka a firji ƙarƙashin labule, ban san ka ba. Aji uku na yi, ba ni na ƙera na'urar ba. In kuma tsohonka ya yi maka abin da na yi wa nawa ɗan, wannan ma ba ruwana.

Minti goma sha biyar suka cika. Injiniya ya leƙo daga bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Ya ce Baba, lokaci. Ya ce daga yau kowane mako zai kawo ni, ya riga ya sa a waya, ya juyo mini fuskarta in gani. Na gani. Asabar da yamma, awa biyu.

Na tuna ƙarshen darasinsa. Mai makulli in ya saki, darajarsa ta da yake komawa.

Na ciro zaren da hannu ɗaya, ɗayan yana wurin Yaya. Na miƙa masa. Na ce takardun suna ƙarƙashin tsohon lasisina, cikin shuɗiyar leda, ya yi sauri, ya bi ta bayan masu katako. Ba na son ya rasa girman nan, ni na riƙa kai shi makarantar. Ɗaya ledar kuwa, wadda ke gefen ƙafata tun safe, bai tambayi abin da ke cikinta ba. Riga biyu ne, da maganin gwiwa, da reza. Surukata ta naɗe mini, ba ta tambaye ni komai ba. Malama ta riga ta jawo ƙaramin gado daga ɗaya ɗakin. A kansa nake wannan rubutu.

Ya karɓi makullin, ya sunkuyo ya kawo mini kafaɗa.

"Baba, taso mana. Na ce Asabar zan dawo da kai."

"A'a," na ce. "Ba zan bi ka ba."